Jiragen Ruwan Gana da Bashin da Aka Soke

A shekara ta 1957, wadda Gana ta sami mulkin kai a cikinta, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, aka sa masa suna Black Star Line, domin tunawa da wanda Marcus Garvey ya kafa a Amurka a 1919. Gana ta riƙe kashi 60 cikin ɗari, kamfanin Zim na Isra'ila kuwa kashi 40, har 1960 sa'ad da gwamnati ta saye rabon Zim. Jirgin farko sunansa Volta River, haka kuma aka bi ana sa wa na baya sunayen koguna da tafkunan ƙasar. Nufin mai kyau ne, gama kafin wannan lokaci koko da katako duka jiragen Turawa ke kwasa, su ne kuma masu yanka kuɗin dako yadda suka ga dama.

Amma jirgin ruwa ba kamar ofishin gwamnati yake ba. Yau yana Takoradi ko Tema, bayan mako biyu yana Ingila. Yana shan mai a wata ƙasa, a yi masa gyara a wata, a biya kuɗin tasha da kuɗin waje. Takardun waɗannan duka suna hannun wakilai a ƙetare. Kafin su taru a Akkara, a rufe littafin shekara, a miƙa wa Babban Odita, sau da dama kamfanonin gwamnati sukan makara shekaru. Mai bincike ya zo ya tarar an ci tuwo an wanke kwano. Sa'an nan duniya ta koma dako da kwantena, jiragen suka tsufa, bashi ya yi ta hawa. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 an sayar da abin da ya ragu, kamfanin ya rufe. Na Nijeriya ma, wanda aka kafa a 1959, ta wannan hanya ya bi, aka rushe shi a 1995.

To, mai karatu, ina ma'anar a ce an soke bashi? Akawu yakan ja layi a kan kuɗin da aka fid da zuciya ga samunsa, domin littafi ya daidaita. Littafi kam ya daidaita, amma kuɗin daga baitulmali ya fito, watau daga manomin koko da mai tallan goro a zangon Kumasi. A ganina a nan ne aka fi yin sakaci: ana haɗa hasarar da kasuwa ta jawo da wadda hannun mutum ya jawo, a share su da alƙalami ɗaya.

Doka kuwa ba ta yi shiru ba. Tsarin mulkin Gana na 1992, sashe na 187, ya umurci Babban Odita ya binciki kamfanonin gwamnati, ya kai rahoto majalisa cikin wata shida bayan ƙarshen shekarar kuɗi. Ya kuma ba shi iko ya ƙi amincewa da kashe kuɗi ba bisa doka ba, ya ɗora biyan a wuyan wanda ya jawo hasarar. Wannan iko ya daɗe a kwance, sai a 2017 ƙungiyar OccupyGhana ta yi nasara a Kotun Ƙoli, aka tilasta yin aiki da shi. A lokacin, jiragen sun yi kusan shekara 20 da tafiya.