Daga Dagaci Zuwa Kansila: Waiwaye a Kan Tsarin Mulkin Garinmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Ganin yadda 'ya'yan Dingaya mazauna Kano da Kaduna da Abuja ke yawan tambayar wa ke da alhakin gyaran rijiya da makaranta da asibitin garinmu, ya dace mu duba hanyar da muka biyo.

Kafin zuwan Turawa, ƙasashen Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin Sarkin Kano ne. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, sai suka riƙe wannan tsari suka mai da shi En'e, suka umarci hakimai su zauna a gundumominsu. Umarni kan taso daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, haraji da jangali kuma su bi ta wannan tsani su hau sama. Amfanin tsarin shi ne dagaci ya san kowane gida da iyakar kowace gona, baƙo ba ya kwana a gari bai sani ba. Illarsa kuwa, talaka ba shi da bakin tambayar inda harajinsa ya tafi.

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuma ba da jimawa ba gwamnati ta karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. Babban sauyi ya zo a 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa ƙananan hukumomi masu tsari iri ɗaya a duk Nijeriya, aka mai da sarakuna masu ba da shawara. Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan hawansa a 1979, sai babban aikin da ya rage wa dagaci ya zama sulhu da lura da tsaro.

Ranar 27 ga Agusta, 1991, aka ƙirƙiro Jihar Jigawa mai hedkwata a Dutse. A yau jihar tana da ƙananan hukumomi 27, Dingaya kuma mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Gwaram, cikin Masarautar Dutse.

Ke nan tsari uku muka ɗanɗana: na sarauta, da na zaɓe, da na kantoma, wanda ake naɗowa daga sama. Kantoma yana da saurin zartarwa, amma wanda ya naɗa shi yake sauraro. Zaɓaɓɓen shugaba da kansilolinsa suna da jan ƙafa, sai dai dole su dawo neman ƙuri'a. Sashe na 7 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da zaɓaɓɓun majalisu, kuma ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta haramta kwamitocin riƙo, ta ce a biya ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye.

A ganinmu, abin da ya dace da Dingaya shi ne zaɓe mai tafiya da sarauta. Kansila ya riƙe maganar kasafi da ayyuka, dagaci ya riƙe sulhu da filaye da amanar jama'a, ƙungiyarmu kuma ta zama idon gari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don haka muna kira ga 'yan'uwanmu na birane da su mayar da rajistar zaɓensu gida, su kuma goyi bayan a riƙa gayyatar kansila taron ƙungiya na bayan Sallah, ya karanta abin da aka ware wa mazaɓarmu da abin da aka yi da shi, a gaban dagaci da malamai. Iyayenmu sun biya haraji ba su sami damar tambaya ba. Mu da muka samu, kada mu yi sakaci da ita.

Allah Ya ɗaukaka Dingaya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, amin.