Yaran da Aji Ya Yi wa Kaɗan: Tarihin Tsallake Darasin Lissafi a Makarantun Gwamnatin Amurka

A shekarar 1969, jami'ar Johns Hopkins da ke birnin Baltimore ta karɓi wani ɗalibi ɗan shekara 13 mai suna Joseph Bates. Ba son burga ya kai shi can ba. Farfesa Julian Stanley, masanin auna basira, ya gwada yaron da jarrabawar SAT, wadda masu gama sakandare ke rubutawa don neman jami'a, sai makinsa ya zarce abin da jami'ar ke buƙata. Stanley ya nemi wata sakandare a yankin da za ta bar yaron ya zauna a manyan azuzuwan lissafi da kimiyya, bai samu ba. Da ƙofofin suka ƙi buɗuwa, sai ya lallashi hukumar jami'ar ta ɗauke shi. Yana da shekara 17 Bates ya riƙe digiri na ɗaya da na biyu a ilimin kwamfuta, daga baya ya zama farfesa a jami'ar Carnegie Mellon.

Abin da ya tsaya wa Stanley a rai shi ne yawan irin wannan yaro da ke zaune a aji suna hamma, ana maimaita musu abin da suka daɗe da sani.

Lissafin sakandare a Amurka tsani ne mai matakai biyar: aljebra ta ɗaya, jomitiri, aljebra ta biyu, share fagen kalkulas, sannan kalkulas ɗin kansa. Babbar sakandare kuwa shekara huɗu ce kacal, daga aji 9 zuwa 12. Duk yaron da ya fara aljebra a aji 9, kamar yadda aka saba tun da, da wuya ya taɓa kalkulas kafin ya gama, alhali manyan jami'o'i na duba wannan a takardun mai neman karatun injiniya ko kimiyya. Shi ya sa rigimar duka ta taru a kan aji 8, wanda ya yi daidai da aji biyu na ƙaramar sakandare a Nijeriya. Wanda aka sa a ajin aljebra a lokacin ya hau hanya, wanda aka bari kuwa sai ya sha wahala kafin ya cim ma 'yan'uwansa.

Tun kafin Stanley an yi ta neman haziƙan yara. A 1921 Lewis Terman na jami'ar Stanford ya tattara yara kusan 1,500 a jihar Kalifoniya ta hanyar gwajin kaifin ƙwaƙwalwa, ya yi ta bin rayuwarsu. Gwajin nasa ya tsallake yara biyu, William Shockley da Luis Alvarez, waɗanda daga baya kowannensu ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks. Sai kuma ga Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam Sputnik a watan Oktoba na 1957. Hankalin Amurka ya tashi, majalisarta ta yi dokar ilimi ta tsaron ƙasa a 1958, kuɗi suka kwarara zuwa azuzuwan lissafi da kimiyya. Zafin ya ɗan daɗe, sannan ya huce.

Stanley ya kawo dabara ta daban. A ganinsa, jarrabawar sa'o'in yaro ba ta iya nuna iyakar haziƙi, domin duk gwanaye cinye ta suke yi, ba a gane wanda ya ɗara wani. Sai an ba su jarrabawar da ta fi ƙarfin shekarunsu. A 1971 ya kafa shirin nazarin yara masu baiwar lissafi, a watan Maris na 1972 kuma yara kusan 450 'yan shekara 12 zuwa 14 suka zauna ɓangaren lissafi na SAT. Waɗanda suka yi fice aka buɗe musu aji na musamman mai sauri, inda ake fara gwada yaro a gano abin da ya riga ya iya, sannan a koya masa abin da ya rage kawai. Wasu sun kammala karatun shekara guda cikin 'yan makonni. Daga nan aka kafa cibiyar haziƙan yara ta Johns Hopkins a 1979. Cikin waɗanda Stanley ya lura da su har da Terence Tao ɗan ƙasar Ostireliya, wanda ya ci maki 760 cikin 800 yana ɗan shekara takwas, ya kuma samu lambar Fields, babbar kyautar masana lissafi, a 2006.

Tsoron iyaye da malamai a lokacin shi ne yaron da aka tsallakar zai rasa abokai, ko ya ƙone tun yana ɗanye. Camilla Benbow da David Lubinski, waɗanda suka gaji binciken suka kai shi jami'ar Vanderbilt, sun bi mutum fiye da 5,000 na tsawon shekaru masu yawa. Sun tarar waɗanda suka tsallake aji sun fi takwarorinsu masu irin basirarsu samun digirin digirgir, kuma cutarwar da ake tsoro ba ta bayyana ba. A nan hujja ta tsaya da ƙafarta.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen zaɓe. A yawancin makarantu shawarar malami da nacin iyaye ke sa yaro a ajin sauri, sai azuzuwan suka cika da 'ya'yan masu hali, baƙar fata da 'ya'yan talakawa suka yi ƙaranci. Bob Moses, tsohon ɗan gwagwarmayar 'yancin zaɓe a jihar Misisipi, ya ga haka da idonsa lokacin da ya tarar makarantar 'yarsa a garin Cambridge na jihar Massachusetts ba ta koyar da aljebra a aji 8. A 1982 ya fara shirinsa na aljebra, yana mai ɗaukar darasin a matsayin haƙƙi irin na jefa ƙuri'a.

Hukumomi sun gwada magani iri biyu, kowanne ya wuce gona da iri. Kalifoniya ta bi hanyar tura kowa, har hukumar ilimin jihar ta yanke a 2008 cewa kowane ɗan aji 8 a jarraba shi a aljebra, kafin kotu ta dakatar. Binciken da ya biyo baya a can da kuma gundumar Charlotte ta jihar Karolina ta Arewa ya nuna yaran da aka tura ba su shirya ba makinsu faɗuwa ya yi. Birnin San Francisco kuwa ya juya ɗaya gefen: a 2014 ya cire aljebra daga aji 8 gaba ɗaya, domin kowa ya tafi tare. Niyyar mai kyau ce, amma masu kuɗi suka biya wa 'ya'yansu darasin hutu da na intanet, ɗan talaka mai basira ya zauna jira. Masu bincike na Stanford sun gano a 2023 cewa giɓin da ake son rufewa a manyan azuzuwan lissafi bai rufu ba. A watan Maris na 2024, fiye da kashi 80 cikin 100 na masu zaɓe a birnin suka goyi bayan a maido da darasin. Shekara goma ke nan, kuma yaran da suka fi yin asara su ne waɗanda ba su da wata makaranta sai ta gwamnati.

Hanyar da ta fi kama hankali ta fito ne daga jihar Karolina ta Arewa. A 2017 jaridun News & Observer da Charlotte Observer suka bi alƙaluman jarrabawa, suka nuna dubban 'ya'yan talakawa da suka ci maki mafi girma an bar su a azuzuwan gama-gari, alhali 'ya'yan masu hali masu irin makinsu sun wuce. A 2018 majalisar jihar ta yi doka: duk yaron da ya kai matakin ƙoli a jarrabawar lissafi ta ƙarshen shekara, a sa shi a ajin gaba kai tsaye, ba sai malami ya yaba ko uba ya je ofis ba. Idan iyaye ba su so, su ne za su rubuta a fitar da shi.

Gundumar Dallas ta bi irin wannan tsari a 2019, cikin 'yan shekaru kuma kason baƙaƙen yara 'yan aji 6 da ke ajin lissafi mai zurfi ya ninka har ya haura. A 2023 jihar Texas ta mayar da shi doka: yaran da suka faɗa cikin kashi 40 na sama a jarrabawar lissafi ta aji 5 za a shigar da su ajin sauri a aji 6, domin su isa aljebra a aji 8. Aikin da ya rage wa ƙananan gundumomin karkara shi ne samo malaman da za su tsaya a gaban waɗannan azuzuwan.