Ranar Tsanani da Ranar Sauƙi: Tarihin Tsarin Karɓa-karɓa a Atisayen 'Yan Tsere

Tsarin karɓa-karɓa a atisaye shi ne a kasa ranakun mako gida biyu: ranar da ɗan wasa zai yi gudu iyakar ƙarfinsa, da ranar da zai yi aiki mara nauyi domin jikinsa ya farfaɗo. Masu horar da 'yan gajeren zango, daga mita 100 zuwa mita 400, suna riƙo da shi sosai, domin sauri ba ya ƙaruwa sai da sauran kuzari a jiki. Ɗan tseren da ya gaji yana iya zagaya fili har faɗuwar rana, amma abin da yake koya wa ƙafafunsa a wannan hali shi ne gudu a hankali.

Tunanin ya daɗe. A ƙarni na 3 na Miladiyya, marubucin Girka Philostratus ya bayyana wani tsari na kwana huɗu da masu horarwa na zamaninsa ke bi: ranar shiri, ranar aiki tuƙuru, ranar sassauci, sai ranar matsakaicin aiki, sannan a koma farko. Shi kansa bai yaba da tsarin ba, saboda masu horarwa suna bin sa ido rufe ba tare da duba halin da ɗan wasa ya kwana ba. Ya kawo labarin wani ɗan kokawa mai suna Gerenos, wanda ya ci gasar Olimpiya, ya yi shagalin nasara, mai horar da shi ya tilasta masa aiki mai tsanani don kada jadawali ya karye, har ya mutu a wurin atisaye.

A farkon ƙarni na 20, Lauri Pihkala na ƙasar Finlan ya riƙa kira da a jera aiki da hutu, a zamanin da Paavo Nurmi ya tara lambobin zinare tara a wasannin Olamfik daga 1920 zuwa 1928. A Jamus kuwa Woldemar Gerschler ya shigar da hutun cikin atisayen kansa: a yi gajeren gudu mai zafi, a ɗan sarara, a sake. Almajirinsa Rudolf Harbig ya kafa tarihin duniya a mita 800 a birnin Milan a 1939, cikin minti ɗaya da daƙiƙa 46.6. Daga baya Gerschler da likitan zuciya Herbert Reindell suka sa bugun zuciya ya zama ma'auni: ya hau kusan 180 a minti, kada a sake tashi sai ya sauko wajen 120. Sai dai wannan hutu ne tsakanin gudu da gudu. Tsakanin rana da rana kuwa, yawan aiki ake gani shi ne jarumta, musamman bayan da Emil Zatopek, wanda ya shahara da atisaye mai tsanani kusan kullum, ya lashe mita 5,000 da mita 10,000 da gudun famfalaki a Olamfik na Helsinki a 1952.

Masana kimiyya ne suka fara bayyana dalilin da hutu ke ƙara ƙarfi. A 1936 Hans Selye ya nuna cewa jikin da aka matsa wa yakan fara raunana, sannan ya saba, amma in matsin ya ƙi yankewa sai ya durƙushe. A Tarayyar Sobiyet, Nikolai Yakovlev ya gano cewa bayan aiki mai wuya tsoka takan mayar da makamashin da ta ƙone har ya ɗan zarce yadda yake a da, muddin an ba ta lokaci. A kan wannan harsashi Lev Matveyev ya gina tsarin kasa shekarar ɗan wasa zango-zango a shekarun 1960.

Wanda ya mayar da abin dokar mako-mako shi ne Bill Bowerman na Jami'ar Oregon a Amurka, wanda ya horar da 'yan tsere a can daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon shekarun 1970. Ƙa'idarsa ita ce kowace ranar wuya a bi ta da ranar sauƙi, wani ɗan wasan ma sai biyu. Kenny Moore, wanda yawan gudu ke jawo wa rashin lafiya, yana cikin waɗanda Bowerman ya tilasta wa rage aiki, kuma shi ne ya zo na huɗu a gudun famfalaki na Olamfik a 1972.

A fagen gajeren zango, sunan da ya fi fitowa shi ne Charlie Francis na Kanada, wanda shi ma ya yi tseren mita 100 a Olamfik na 1972. Ya kasa gudu gida uku. Na sama shi ne kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari na iyakar saurin ɗan wasa. Na ƙasa kuma kashi 75 ko abin da bai kai ba. Abin da ke tsakani ya ce a guje shi, domin bai kai saurin da zai gina sauri ba, kuma ya wuce sauƙin da jiki zai huta a cikinsa. Nan ne gudummawarsa ta fi nauyi, saboda galibin masu atisaye a wannan tsakiyar suke ƙare mako ba su sani ba. Ya tattara duk abin da ke cin jiki, wato gudu mai zafi da tsalle-tsalle da ɗaga ƙarfe mai nauyi, ya zuba su a rana guda, da dogon hutu tsakanin kowane gudu. Washegari sai sassarfa a kan ciyawa da motsa tsokar ciki da tausa. Ba a komawa ga tsanani sai an cika aƙalla awa 48, don haka ranakun zafi ba sa wuce uku a mako. Francis ya danganta wannan da gajiyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da ke ba tsoka umarni. Masana sun yi saɓani a kan wannan bayani, wasu suna ganin tsokar ce da kanta ta fi jinkirin warkewa, amma tazarar da ya gindaya ta karɓu a aikace.

Tarihinsa yana da tabo babba. A Olamfik na Seoul a 1988, almajirinsa Ben Johnson ya ci mita 100 cikin daƙiƙa 9.79, aka kuma ƙwace lambar zinaren bayan an sami ƙwayar stanozolol a fitsarinsa. A gaban kwamitin da ya binciki lamarin, wato kwamitin Dubin, a 1989, Francis ya amsa cewa 'yan wasansa suna amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, aka haramta masa horarwa a Kanada. Wannan laifi ya cutar da matasan da aka damƙa masa, ya kuma ɓata hujjar tsarinsa, tunda irin waɗannan ƙwayoyi suna gaggauta farfaɗowar jiki. Ɗan wasan da ba ya shan komai yana iya buƙatar hutun da ya fi na Johnson tsawo. Francis ya rasu a 2010.

Hujja mai tsabta ta zo ne daga wani ɓangare. A shekarun 2000, Stephen Seiler, masanin Amurka da ke aiki a Norwe, ya bi diddigin atisayen manyan 'yan wasan dogon zango, ya tarar kusan kashi 80 cikin ɗari na aikinsu mai sauƙi ne, ragowar kuma mai zafi. Tsarin bai tsaya ga tsere ba: yau manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa ma suna ɗaura wa 'yan wasa na'urar da ke auna tazara da saurin gudunsu, suna kuma ƙirga ranar wasa a matsayin ranar tsanani, su tsara sauran ranakun mako a kanta.