Daga Gidan Gem Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Biyan Kuɗi a Wasan Bidiyo



A 'yan shekarun nan akwai wani ƙorafi da ke yawan fitowa daga bakin iyaye a Adogi da sauran unguwannin Lafia. Mutum zai ga kuɗi na raguwa a asusunsa, idan ya bincika sai ya tarar yaron gida ne ya sayi wani abu a cikin gem. Abin da ke ɗaure wa iyaye kai shi ne, kyauta aka sauke wasan. To, ta yaya abin kyauta ke cin kuɗi? Amsar tana cikin tarihin sana'ar, shi ya sa muka ga ya dace mu bi shi daki-daki.

Lokacin da kuɗi ke fili

Tun asali da kuɗi aka fara. A 1972 kamfanin Atari na Amurka ya fito da Pong, wani inji da ake girkewa a shaguna, sai an jefa kwabo yake tashi. Space Invaders ya biyo baya daga Japan a 1978, sai Pac-Man a 1980. Ribar mai inji tana ga ɗan wasa ya faɗi ya sake jefa kwabo, amma abin yana da iyaka: da aljihu ya bushe, wasa ya ƙare.

Daga nan sai injunan gida suka zo. Nintendo ya fito da Famicom a 1983, Sega ya kawo Mega Drive a 1988, Sony kuma ya fito da PlayStation a 1994 da PlayStation 2 a 2000. A wannan zamanin sau ɗaya ake biya. Ka sayi kaset ko faifai, duk abin da ke ciki ya zama naka, babu mai sake tambayarka ko sisi.

Mu da muka taso a lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, kaɗan ne daga cikinmu ke da irin waɗannan injuna a gida. Abin da muka sani shi ne gidan gem: shago, talabijin biyu ko uku, benci, da janareto a waje. Ana biyan 'yan nairori a buga ƙwallon Winning Eleven na kamfanin Konami, sau da yawa wanda aka ci shi ke biya. Iyaye ba su so wurin ba, kuma suna da hujja, domin yara na gudun makaranta saboda shi. Duk da haka, kuɗin a hannu ake miƙa shi, mai shago ya san ɗan wane ne wannan, kuma yayan yaro na iya zuwa ya jawo shi gida. Da layukan GSM suka shigo Najeriya a 2001 ma, wasan maciji da ke cikin Nokia 3310 bai taɓa neman kuɗi a wurin kowa ba.

Yadda ciniki ya koma cikin wasa

Intanet ce ta sauya komai. A Koriya ta Kudu kamfanin Nexon ya gwada bayar da wasa kyauta, sannan ya riƙa sayar da tufafi da kayan ado na cikin wasan. MapleStory na 2003 ya nuna cewa wannan hanya tana kawo riba mai yawa. A watan Afrilun 2006 kamfanin Bethesda na Amurka ya sayar da lifidin doki a cikin wasan Oblivion a kan dala 2.50. 'Yan wasa sun yi ta ba'a, suna cewa wa zai sayi lifidin dokin da ba ya cin ciyawa? Amma mutane sun saya, kuma sauran kamfanoni sun gani.

Shekarar 2009 ta zo da abubuwa biyu. Kamfanin EA ya ƙara sashen Ultimate Team a wasan FIFA, inda ake sayen ƙunshin 'yan ƙwallo a rufe, ba a san wanda ke ciki ba sai an buɗe. A watan Oktoba kuma Apple ya ba manhajojin kyauta damar sayar da abubuwa daga cikinsu. A 2012 Candy Crush Saga ya fito da tsarin rai biyar: idan suka ƙare, ko ka jira ko ka biya.

Wannan tsari ya iso gare mu ne tare da wayoyin Android masu sauƙin kuɗi irin su Tecno, Infinix da itel. Free Fire na kamfanin Garena na Singafo ya fito a 2017, kuma yana tafiya ko a ƙaramar waya. PUBG Mobile ya zo a 2018, Call of Duty Mobile a 2019. Hatta jikan Winning Eleven ɗin da muka sani ya koma eFootball a 2021, kyauta ake sauke shi, amma ana sayen koin a ciki.

Dabarun kusan iri ɗaya ne. Na farko, ba a rubuta farashi da naira, sai da dayamon ko koin ko UC, don haka yaro ba ya jin cewa kuɗin abinci yake kashewa. Na biyu, ana sayar da dayamon ɗin a dunƙule, ta yadda bayan saye ɗaya sai canji ya rage wanda bai isa komai ba sai an ƙara. Na uku, ana sa wa kaya wa'adi, a ce gobe za su ɓace, ga kuma abokai suna yi wa wanda bai saya ba dariya. Na huɗu, wanda ya fi tayar da hankali, shi ne akwatin sa'a: ka biya, a juya, ko ka samu abin da kake so ko ka tashi da tarkace. Wannan shi ne cinikin biri a sama, kuma tsakaninsa da caca tazarar ba ta da yawa.

A wurinmu akwai ƙarin nauyi, domin asalin farashin da dala yake. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai N500 ba, amma a 2024 ta haura N1,500. Abin da yaro a Turai yake ɗauka canjin alawa, a nan kuɗin cefane ne.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A 2012 hukumar kare masu saye ta Japan ta hana wani nau'in akwatin sa'a da ke tilasta wa mutum tara jerin kaya kafin ya samu babbar kyauta. A 2014 hukumar FTC ta Amurka ta sa Apple ya amince ya mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma dala miliyan 19, saboda sayayyar da yara suka yi ba da izini ba. A 2017 ƙasar Sin ta wajabta wa kamfanoni bayyana yiwuwar samun kowane kaya a cikin akwatin. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce akwatin sa'a na kuɗi caca ne, abin da ya sa EA ya daina sayar da makin FIFA a ƙasar a farkon 2019. A watan Disambar 2022 Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520, daga ciki miliyan 245 na mayar wa waɗanda tsarin maɓallan wasan ya ja su ga sayen abin da ba su yi niyya ba. A nan gida muna da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda dokar da aka sa wa hannu a 2019 ta kafa, kuma ana iya kai mata ƙorafi.

Sai dai a yi adalci. Tsarin kyautar nan shi ya ba ɗan talaka a Adogi damar buga wasa ɗaya da ɗan attajiri a Landan, ba tare da ya sayi inji ba. Masu ƙera wasa ma aiki suke yi, dole a biya su. Idan kaya sananne ne, farashinsa sananne, kuma mai kuɗin ya yarda, wannan ciniki ne kamar kowane. Matsalar tana inda aka ɓoye farashi, aka rufe kaya, aka kuma dogara da rashin haƙurin yaro.

Abin da ya rage gare mu

Darasin tarihin nan ɗaya ne. Kuɗin wasa ya tashi daga inda ake ganinsa ya koma inda ba a gani, ya kuma tashi daga mai iyaka ya koma marar iyaka. Sa idon da mai gidan gem da 'yan unguwa ke yi a da, yanzu ya dawo kan iyaye da yayye.

Don haka muke ba da shawara: kada a bar katin banki a ajiye cikin wayar da yaro ke taɓawa, kuma kada ya san lambar sirrin tura kuɗi. A shiga saitin Play Store a kunna neman kalmar sirri kafin kowane saye. A ja kunnen matasa kan masu alƙawarin dayamon kyauta, domin ta nan ake sace asusu. Sannan a zauna da yaro, a sa shi ya lissafa dayamon ɗinsa da naira, ya faɗi mudu nawa na shinkafa za su saya. Wanda ya iya wannan lissafi da wuya a yaudare shi.

Muna maraba da gyara ko ƙarin bayani daga 'yan uwa. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a abin da muke nema.

Sakataren Ƙungiya