Shekara 14 Ko 18? Asalin Wata Gardama

Kwanakin baya, a wata majalisa a Hotoro bayan La'asar, gardama ta kaure tsakanin marubuta biyu. Ɗayansu yana rubuta labarin wata yarinya 'yar shekara 15 da wani magidanci ya yaudara ya lalata, yana kuma son a gurfanar da mutumin gaban alƙali. Shi ya ce a doka yarinya ba ta da ikon amincewa sai ta kai 18. Abokinsa ya rantse 14 ne. Kowannensu da gaskiyarsa, domin dokar ba ɗaya ba ce.

Ita 14 ɗin nan doguwar tafiya ta sha kafin ta iso Kano. A 1860 Turawa suka rubuta wa Indiya kundin hukunta laifuffuka, suka sa shekara 10, sai a 1891 suka ɗaga zuwa 12 bayan wata ƙaramar amarya ta mutu a hannun mijinta. A kan wannan kundi aka gina na Sudan a 1899. Da 'yancin kai ya matso, gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat. Shawararsu ce ta haifi Final Kot, wadda ta fara aiki a Jihar Arewa a 1960. Sashe na 282 ya ce saduwa da yarinyar da ba ta kai 14 ba fyaɗe ne, ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Sai kuma ya ƙara da cewa idan matar mutum ce, kuma ta balaga, to ba fyaɗe ba ne.

A wannan ƙarin ne gizo yake saƙar. Fiƙihun Malikiyya alamun balaga yake dubawa, kuma ya ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa. (Ko da yake, da yawanmu ba mu san cewa idan alamun ba su bayyana ba, 18 ce mashahuriyar magana a mazhabar ba.) Masu tsara Final Kot sun hukunta ɗan waje, suka kauce wa ɗakin aure.

Ita kuwa 18 ta zo ne da Dokar 'Yancin Yara ta 2003, zamanin Obasanjo, wadda ta hana aurar da wanda bai kai wannan shekaru ba, ta kuma yanke ɗaurin rai da rai ga mai saduwa da yaro ko yarinya. To amma ƙarfinta a Abuja ya tsaya. Tsarin mulkin 1999 bai ba Majalisar Tarayya hurumi a kan auren Musulunci da na gargajiya ba, saboda haka sai jiha ta ga dama ta yi tata. Har ma sashe na 29 na tsarin mulkin, mai magana a kan barin zama ɗan ƙasa, yana ɗaukar duk matar aure a matsayin babba. Da 'yan Majalisar Dattawa suka so goge wannan layi a 2013, Sanata Ahmad Sani Yarima ya tubure, layin ya zauna.

Kano ta yi shekara 20 tana jan ƙafa. Sai a watan Mayu 2023, gab da saukarsa, Gwamna Ganduje ya sa hannu a Dokar Kare Yara ta jihar. A ganina marubuta sun riga 'yan majalisa nisa: tun a 1990 Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?

Da na tambayi mai labarin shekarar da abin ya faru, sai ya ce 1995 ce, a Kano. Ashe lauyan da ya sa yana ta ɗaga murya da "18" a babi na tara ba shi da dokar da zai nuna wa alƙali.