Matan da suka riƙe walda a Ingila, 1915 zuwa 1919

Idan aka ce walda ko juya ƙarfe, namiji muke hangowa. Amma tarihi ya taɓa gwada wannan zato, kuma ya kamata mu san yadda gwajin ya kaya.

A shekarar 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, harsasan igwa suka yi wa sojojin Birtaniya ƙaranci, alhali maza sun tafi fagen fama. Gwamnati ta kafa ma'aikatar makamai a ƙarƙashin Lloyd George, aka buɗe wa mata ƙofar masana'antu. Da yawansu 'yan aikatau ne a gidajen masu hali, wasu maɗinka, wasu masaƙa. Aka shirya musu horo na makonni ko watanni a makarantun fasaha da cikin masana'antun kansu, suka koyi walda da sarrafa injin juya ƙarfe. Kafin yaƙin ya ƙare a 1918, mata dubban ɗaruruwa ne ke wannan aiki. Ba a banza suka ci ladarsa ba: sinadarin TNT ya mayar da fatar wasunsu rawaya, wasu kuma suka halaka a fashewar masana'antu.

Sai dai tun a Maris 1915 gwamnati ta yi wa ƙungiyoyin ƙwadago na maza alkawarin cewa shigar matan ta wucin gadi ce. An kuma rarraba aikin gwani ɗaya gida-gida, ta yadda mace za ta ƙware a sashe guda ba tare da an lissafa ta cikin cikakkun masu sana'a ba. Da aka kafa dokar maido da tsohon tsari a 1919, aka sallami mafi yawansu.

Waɗanda suka tsira da sana'arsu su ne waɗanda suka zurfafa ilimi suka kuma haɗa kai. Caroline Haslett ta fara da aikin ofis a wani kamfanin ƙera tukunyar tururi, ta samu horon injiniyanci lokacin yaƙin, ta zama sakatariyar farko ta ƙungiyar mata injiniyoyi da aka kafa a 1919, wadda ke nan har yau.

A zangunanmu na Akara da Kumasi mun saba kai 'ya mace ɗinki ko kitso, kuma sana'o'i ne masu daraja. Amma Gana ta kafa cibiyar koyar da sana'o'i ta NVTI a 1970, kuma aikin lantarki ko kanikanci bai haramta ga kowa ba. Idan ɗiyarmu ko ƙanwarmu ta ce za ta sauya sana'a, mu tsaya mata ta koyi aikin tun daga tushe har ƙarshe, ta fito da takardar shaida. Rabin sana'a shi ne ya sa aka sallami matan Ingila cikin sauƙi.