AMSOSHIN TAKARDUNKU: Tarihin Jarrabawar Turanci, Daga Kwalejin Katsina Zuwa Ƙasar Sin

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a garin Nahuce, cikin ƙaramar hukumar Bungudu ta jihar Zamfara. Bayan gaisuwa yana cewa, "Sau biyu ke nan ɗiyata tana zama jarrabawar fita sakandare, tana cin sauran darussa, amma Turanci yana kayar da ita, an ce kuma babu shiga jami'a sai da shi. Don Allah ku ba ni tarihin yadda Turanci ya zama ƙofar jami'a a ƙasar nan. Kuma shin gaskiya ne har 'yan ƙasar Sin, waɗanda suke karatu da harshensu, su ma ba su tsira daga wannan jarrabawa ba?"

AMSA: To Malam, mun gode da wannan takarda taka, Allah Ya ba yarinya sa'a. Tarihin yana da ɗan tsawo, sai ka gyara zama.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, da Turawan mulkin mallaka suka kawo boko Arewa, ba da Turanci suka fara ba. A makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909, da Hausa ake koyarwa. Da yawa daga cikin jami'an Turawa na wancan zamani ba su so 'yan Arewa su ji Turanci sosai ba, domin sun ga yadda 'yan boko na Ikko suke rubuta sukar gwamnati a jaridu. Saboda haka Turanci ya zama abin da ake ba 'yan ƙalilan.

Inda harshen ya kafu da gaske shi ne Kwalejin Katsina, wadda aka kafa cikin 1921 don horar da malamai. A can an matsa wa ɗalibai ƙwarai a kan lafazi, wato yadda ake furta kalma. Daga nan ne Sardauna Ahmadu Bello ya fito cikin 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma cikin 1933, wanda daga baya duniya ta shaidi daɗin Turancinsa. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. A lokacin ƙasar Zamfara tana cikin Lardin Sakkwato, don haka yaron Bunguɗu ko Tsafe ko Gusau da ya gama elementare, sai ya je Midil ta Sakkwato kafin ya yi mafarkin kwaleji.

Game da jarrabawa kuwa, da farko daga Ingila ake aiko da ita. Jami'ar Kambirij ce take shirya tambayoyi, a rubuta a nan, a kwashe takardu a kai can a duba. A ƙa'idar wancan satifiket, sai ɗalibi ya ci rukunin darussa a zama ɗaya, kuma Turanci dole ne a cikinsu. Ka ga ke nan tun daga tushe aka ɗaura sauran darussa a ƙafar Turanci. Cikin 1952 aka kafa hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, wadda ta haɗa Nijeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, Laberiya ta shigo a 1974. Hukumar ta karɓi aikin daga hannun Turawa sannu a hankali, amma matsayin Turanci bai sauka ba.

Dalili kuwa a fili yake. Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka buɗe a 1948, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, da Jami'ar Sakkwato a 1975, wadda aka raɗa wa sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, duk da Turanci suke ba da lacca, littattafan ma da Turanci suke. Ga shi kuma ƙasar tana da ɗaruruwan harsuna, Turanci ne ya haɗa Bahaushe da Bayarabe da Ibo a aji ɗaya. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara wa yaro da harshen uwa a shekarun farko na firamare, daga nan a juya zuwa Turanci. To wurin juyawar nan ne yaranmu da yawa suke tuntuɓe, musamman bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, lokacin da ɗalibai suka yi yawa, ƙwararrun malamai suka yi kaɗan.

A 1978 gwamnatin soja ta kafa hukumar JAMB, aka daina bin jami'o'i ɗaya bayan ɗaya ana neman gurbi. A jarrabawarta ɗalibi yana ɗaukar darussa 4, uku bisa ga fannin da yake so, na huɗun kuwa Turanci ne, babu zaɓi. An kafa NECO a 1999, ta yi jarrabawarta ta farko ta fita sakandare a 2000. Daga 2015 kuma jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, shi ya sa ɗan Nahuce sai ya nemi cibiya a gari irin Gusau. Ita kanta Gusau, wadda ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba 1996, ta sami jami'ar tarayya a 2013. Jami'a dai ta matso kusa da gida, amma sharaɗin bai canja ba: kiredit 5, har da Turanci.

Yanzu sai mu leƙa ƙasar Sin. E, Malam, abin da ka ji gaskiya ne. Tun 1862 gwamnatin sarakunan ƙasar ta buɗe makarantar koyon harsunan waje a birnin Beijin, bayan ta sha kashi a hannun Turawa ta ga cewa dole ta sami masu jin maganarsu. Bayan juyin juya hali na 1949, Rashanci ya mamaye makarantu saboda ƙawance da Tarayyar Sobiyet. Da dangantaka ta yi tsami, sai aka sake ɗaukaka Turanci a 1964. Ba a jima ba rikicin juyin al'adu na 1966 zuwa 1976 ya dagula karatu, har aka dakatar da jarrabawar shiga jami'a. Deng Xiaoping ne ya maido da ita a 1977, kuma da ƙasar ta buɗe ƙofa ga cinikin duniya, sai jama'a suka yi caa a kan Turanci. A farkon shekarun 1980 miliyoyin mutane sun koyi harshen ta wani shirin talabijin na BBC mai suna Follow Me.

Jarrabawar da ake magana a kanta sunanta CET, ta ɗaliban jami'a ce waɗanda ba Turanci suke karantawa ba, irin su masu koyon injiniya da likitanci da lissafi. Mataki na 4 ya fara a 1987, mataki na 6 a 1989, aka ƙara jarrabawar baka a 1999. Ana zama sau biyu a shekara, galibi a watan Yuni da Disamba, kuma miliyoyi ne suke shiga. Tun gyaran da aka yi a 2005, cikakken maki 710 ne, sai wanda ya sami 425 a mataki na 4 yake iya zama mataki na 6. Sauraro yana da kashi 35 cikin 100, karatu da fahimta kashi 35, rubutu kashi 15, fassara daga Sinanci zuwa Turanci kashi 15. Jami'o'i da yawa sun daɗe suna ɗaura digiri a kan cin wannan jarrabawa, kamfanoni ma suna dubawa kafin su ɗauki ma'aikaci. Amma akwai masu ganin an wuce gona da iri, har Jami'ar Jiaotong ta birnin Xi'an ta sanar a 2023 cewa ta cire wannan sharaɗi.

Bambancin da ke tsakaninmu da su shi ne, ɗan Sin yana karanta kimiyyarsa da harshensa, Turanci taga ce gare shi ta leƙa duniya. Mu kuwa Turanci shi ne ƙofar, shi ne kuma ɗakin. Amma kada ka zaci abin yana zo masu da sauƙi. A Sinanci, da "shi" da "ita" duk "ta" ake furtawa, saboda haka sukan kira namiji da lafazin mace idan suna Turanci. Aikatau ɗinsu ba ya canja siffa don nuna lokaci, ga rubutunsu ma ba na abacada ba ne. Mu kuma matsalarmu ita ce rarrabe P da F, da V da B, da kuma saka wasali inda babu shi, kamar yadda muka mai da sunan gurasar Bature ya zama burodi.

Yaya suke shiri? Ba wani asiri. Sukan fito da sassafe kowa da littafinsa yana karantawa da ƙarfi, su haddace kalmomi kaɗan kaɗan kullum, su yi ta bitar tambayoyin shekarun baya suna duba agogo, kunnensu kuma yana kan rediyo.

To Malam, shawararmu ga yarinya ita ce ta san inda maki yake. A takardar WAEC akwai insha'i na kalmomi kamar 450, da fahimtar labari, da taƙaitawa, da tambayoyin zaɓi a kan nahawu da kalmomi, da na lafazi. Ta riƙa rubuta insha'i ɗaya kowane mako, wasiƙa ko jawabi ko labari, ta kai wa malami ya gyara da jan biro, sannan ta sake rubutawa. Wurin taƙaitawa ta yi amfani da kalmominta, kada ta kwafe jimlar da ke cikin labarin. Ta saurari labarun Turanci a rediyo bayan ta ji na Hausa, tun da ta riga ta san abin da ya faru, fahimta za ta zo da sauƙi. Idan JAMB ta zo, ta karanta littafin hikayar da hukumar ta zaɓa wa shekarar, domin ana fitar da tambayoyi daga ciki, ta kuma saba da taɓa kwamfuta tun kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma ka sani darussan da ta ci ba su faɗi ƙasa banza ba. Jami'o'i da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, ko da ɗaya na WAEC ne ɗaya na NECO, sai dai wasu fannoni irin likitanci da akan nemi zama ɗaya. Ka bincika ƙa'idar makarantar da take so kafin ka biya kuɗin rajista. Abu mafi muhimmanci, kada a cire ta daga karatu saboda darasi ɗaya. Su Tafawa Ɓalewa ma ba da Turanci aka haife su ba, a aji suka koya.